Sunan Da Aka Hana Kira

Jirgin ruwan la'asar ya ɗaga zuwa tsibirin Langkawi, tashar Kuala Kedah ta koma shiru, sai kukan tsuntsayen teku da ƙarnin kifi da iska ke kwasowa daga wajen masunta. Sila ta ja tagar da take sayar da tikiti ta rufe, ta gyara zaman mayafinta ta fito.

Tun daga nesa ta hango shi jingine da motar ƙanƙarar gidansu, ruwa na ɗiga ta ƙarƙashinta. Gabanta ya faɗi. Boon Kiat ya rame ya yi duhu, rigar da ta saba kama shi yanzu sai reto take a jikinsa. Rabonta da shi tun ranar da mahaifinsa ya rasu, sai dai waya, ita ma gaisuwa ce a tsaitsaye.

"Ashe ka tuna hanya," ta ce, tana ƙoƙarin murmushi.

"Zo mu zauna, akwai magana."

Suka zauna a bencin fasinjoji, ita a wannan ƙarshen shi a wancan, don rabin mutanen tashar abokan mahaifinta ne. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannunsa kafin ya ce, "Ma ta yarda." Haka yake kiran mahaifiyarsa.

Sila ta dafe ƙirji. Hawayen da ta yi watanni tana dannewa suka cika mata ido.

"Da gaske, Kiat? Ta yarda da aurenmu?"

"Ta yarda. Sai dai akwai sharaɗi." Bai dube ta ba. "Za ki canja suna. Ba a baki kaɗai ba, har a katin shaida da takardar aure. Kuma ba wanda zai ƙara kiran tsohon sunan a gidanmu."

Ta zuba masa ido har sai da ya ɗago kai.

"Sunana?"

"Haruffa huɗu ne kawai."

"Haruffa huɗu," ta maimaita a hankali. "Ashe dai har yanzu ni ce na kashe shi."

"Ba wanda ya ce haka."

"Ai ba sai an faɗa ba."

Babu wanda bai san abin da ya faru ba a garinmu, don har a shagunan shayi an tauna maganar an gaji. Kiat shi kaɗai ne ɗan Ong Chin Huat, mai kamfanin ƙanƙarar da jiragen kamun kifi ke saye. Ya musulunta a hannun limamin masallacin masunta, aka ba shi suna Yusri, ko da yake Sila ba ta taɓa kiransa da shi ba. Mahaifiyarsa ta yi kuka kamar ranta zai fita, amma tsohon ya ce ɗansa ɗansa ne ko ina ya fuskanta ya yi ibada. Shi ne ma, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya ce a kawo masa yarinyar ya gan ta da idonsa.

Abin da Kiat bai taɓa yi ba shi ne faɗin sunanta a gida. Kullum sai dai ya ce 'yar Darus ta tashar jirgi. Ya san dalilinsa. A yaren Hokkiyen da Sinawan garinmu ke yi, idan aka ce si la, ana nufin ya mutu.

Ranar da ya kai ta, tana fitowa daga mota wani mai babur ya shawo kwana a guje ya nufo ta. Kiat ya ƙwala mata kira da iya ƙarfinsa.

"Sila!"

Mahaifiyarsa, Geok Lan, tana ɗaki tana ba mijinta kunun shinkafa a baki. Ta ji muryar ɗanta tilo yana ihun mutuwa a ƙofar gida. Ta saki cokali ta fito a guje ba ko takalmi. Ta same su lafiya ƙalau, mai babur ya wuce, su biyun har suna dariyar firgita.

Da ta koma ɗaki, tsohon ya cika. Idanunsa a buɗe suna kallon ƙofa. Matar da ba ta taɓa kwana nesa da shi ba tun suna ƙuruciya, ba ta nan ya ja numfashinsa na ƙarshe.

Sila tana tsaye a falo da kwanon kayan zaƙin da ta dafa da hannunta, ta ji matar tana tambayar ɗanta cikin wata irin murya, "Wa ya mutu da kake ihu?" Ta kuma ji amsarsa: "Sunanta ke nan, Ma."

*

Da ta isa gida ta tarar da Gwaggo Esah, yayar mahaifinta, zaune a baranda tana gyaran ƙananan kifi. Baba Darus na gefe yana ɗinkin koma. Kallo ɗaya Gwaggo ta yi wa idanunta ta ajiye wuƙa.

"Ɗan ƙanƙara ya dawo ke nan. Me ya zo da shi yau, sanyi ko ruwa?"

Sila ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa komai, kanta a ƙasa. Allurar komar ta tsaya a hannunsa. Ƙwayar idonsa ta kaɗa ta yi ja.

Gwaggo ce ta yi magana. "Yau suna, gobe kuma sai su ce fuskarki ce ba ta yi musu ba, ki canja. Ke wai me kika rasa? Hajiya Rokiah ta aiko har ta gaji da aike. Ɗanta Hazwan yaro ne mai addini, ga injin casar shinkafa, ga gida ya gina, uwarsa ta je Makka. Shekaranjiya ma ya tsaya nan ya kawo wa babanki maganin ciwon gwiwa. Wancan kuwa tunda ubansa ya mutu ko gaisuwa ya taɓa zuwa?"

"Gwaggo, makoki suke yi."

"Makoki ya hana ƙafa tafiya? Motar ƙanƙara dai kullum ina ganinta tana wucewa."

"Ba na son Hazwan, Gwaggo."

"So! Uwarki ma so ta bi, kika ga wahalar da..."

"Yaya, ya isa," in ji Baba Darus. Bai ɗaga murya ba, amma ta yi shiru. Ya juyo ga 'yarsa. "Ni ba zan tilasta miki kowa ba, kin sani. Sunan nan ni na raɗa miki, amma ba ni kaɗai ke da shi ba. Ki je Pendang ki gaya wa kakarki. Abin da ta ce, na yarda."

Ya miƙe ya shige ɗaki, ya bar komar a ƙasa.

*

Kaka Nim, kakarta ta wajen uwa, Basiyamiya ce, ƙabilarsu daban da ta Malayawa, tana kan addinin Buddha na iyayenta, a wani ƙauye cikin gonakin roba. Sila ta same ta a ƙarƙashin gidanta mai dogayen ƙafafu tana daka barkono a ɗan turmin dutse. Tsohuwar ta saurare ta har ta gama, ba ta fasa daka ba.

"To," ta ce. "Sinawa sun ji mutuwa a ciki. Kowa da kunnensa."

"Kaka, ba ki ji haushi ba?"

"Na ji. Miƙo min gishirin can." Ta barbaɗa, ta ci gaba. "Babanki ya taɓa ba ki labarin ranar da ya zo nan?"

"Ya ce dai ya zo ya gaya miki an haife ni."

"Shi ai ba ya iya labari. Lokacin da uwarki ta ce za ta bi Bamalaye ta shiga addininsa, na ce in ta fita kada ta dawo. Na kwashe kayanta na watsa ta tagar nan da kike gani. Ban je bikin ba. In ta aiko da abinci sai in ba karnuka. Haka muka zauna har ta yi cikinki."

Ta ajiye taɓaryar.

"Rannan da hantsi sai ga babanki a gindin matakala, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ban ce ya hau ba. Ya ce, Mama, an sauka lafiya, mace ce, mun sa mata Sila. Na ce kai, me Musulmi ya sani game da sila? A wurinmu ai alkawari ne da mutum ke ɗauka a ɗakin ibada, ba zai kashe rai ba, ba zai yi sata ba, ba zai yi ƙarya ba. Ya ce ya sani, uwarki ta gaya masa. Ya ce su kuma a Larabcin da suke karatu da shi, sila ita ce sada zumuncin da ya yanke. Ya ce da Malayanci kuwa, kin fi ni sani, in baƙo ya tsaya a ƙofa ita ce kalmar da ake ce masa, wato bismilla, shigo. Sai ya ce, Mama, duk ukun nake nufi."

Hawaye ya gangaro wa Sila. Kaka ta ɗauke kai tana kallon gonar roba.

"Na zage shi tas. Ya tafi. Kafin azahar ina cikin motar haya da tukunyar farfesun kaza a cinyata. Kina rarrafe uwarki ta kwanta ciwon da ya ɗauke ta. A hannuna ta cika. Da babanki ya sa miki wani sunan daban, da 'yata ta mutu ban ƙara ganin fuskarta ba."

"To ta yaya zan yar da shi, Kaka?"

"Kina son yaron?"

Sila ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Na ga alama," in ji tsohuwar. "Ki saurare ni. Sunan nan ya gama aikinsa tun kina cikin zani. Ni na hana 'yata wanda take so saboda abin da nake ganin ba zan iya rabuwa da shi ba, na kuma ga abin da na girba. A yarenmu in kika ja ƙarshen sunan nan, dutse yake nufi. Kada ki zama shi. Ki ba su takardarsu su rubuta abin da suke so. Ni dai abin da na saba kiranki da shi zan kira ki har in mutu, in kuma sun ji haushi su toshe kunne."

Sila ta faɗa jikinta tana kuka, tsohuwar na shafa bayanta da hannu mai ƙamshin barkono.

*

Ranar Asabar da safe Kiat ya kai ta gidansu. An cire farin ƙyallen makoki daga ƙofa, amma hoton marigayin na nan a falo, hayaƙin turare na tashi a gabansa, ga lemo an jera a faranti.

Geok Lan na zaune a kujerar katako, ta sa baƙaƙen kaya, gashinta ya yi fari fat. Sila ta rusuna ta gaishe ta.

"Anti, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri?"

"Zauna."

Ta zauna a bakin kujera. Kiat ya tsaya jikin bango kamar baƙo a gidan ubansa.

Matar ta daɗe tana kallonta kafin ta fara magana da Malayancinta na kasuwa. "Yaron nan ni na haife shi. Kakansa ya zaɓa masa suna, sai da aka duba ranar haihuwarsa da sa'arta. Yau in an kira waya kamfani sai in ji ana neman wani Yusri. Abincin da na dafa ba ya ci sai ya tambayi tukunyar da aka yi shi. Ranar da aka kai ubansa, ɗa ne ke riƙe turare a gaban gawa, ya ce addininsa ya hana. Ɗan ƙanena ne ya riƙe. Kin san yadda dangi suka kalle ni?"

"Anti, ni ban taɓa ce masa ya bar sunansa ba. Har gobe Kiat nake kiransa."

"Na ji. Amma dai ya tafi wajenku, bai dawo ba." Ta dubi hoton mijinta. "Cokali ɗaya ya rage in ba shi. Yana kallona, yana son ya ce wani abu, bakinsa na motsi. Na tashi na bar shi. Har in mutu ba zan san abin da ya so faɗa ba."

Sila ta zame daga kujera ta durƙusa a gabanta, hawaye na zuba.

"Ki yafe min, Anti. Wallahi da na san haka zai faru da ban tako ƙofar nan ba. Na zo ne in gaya miki na amince da sharaɗinki. Zan canja. Duk sunan da kika ga ya kwanta miki, shi zan ɗauka."

Geok Lan ta ɗan ja baya, ta haɗe gira.

"Sharaɗina?"

Ta juya ta dubi ɗanta. Kiat ya sunkuyar da kai.

"Haka ya gaya miki?" Ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Yarinya, ni ban sa sharaɗi ba. Ni cewa na yi ba na son ganinki, da wannan sunan ko da wani. Ko me aka kira ki, in na dube ki ranar nan zan gani. Shi ne ya zo ya durƙusa inda kike yanzu, ya ce, Ma, in ta canja suna fa? Na ce me zai canja? Ya ce shi kansa abin zai taimaka wa. Ya ce tun ranar bakinsa ba ya iya furta sunanki. Na gaji da kukansa na ce ya yi abin da yake so."

Sila ta juya a hankali, har yanzu gwiwoyinta a ƙasa.

"Kiat?"

"Zan yi miki bayani."

Ta miƙe. Ta yi wa matar sallama cikin ladabi, ta sa takalmanta a bakin ƙofa ta fita. Ya biyo ta har bakin titi, daidai inda mai babur ya kusa kwashe ta.

"Ki tsaya mana, don Allah ki tsaya."

Ta tsaya. Sai a lokacin ta shiga tuno wayoyinsu na watannin nan ɗaya bayan ɗaya. Kina lafiya. Kin ci abinci. Ke, sai anjima. Ko sau ɗaya bai kira sunanta ba, ita kuwa ta ɗauka nauyin rashi ne.

"Me ya sa ka laƙa wa Ma?"

"Na ji tsoron in ce ni ne ki guje ni."

"Na je na sa kakata ta tono mutuwar 'yarta. Na sa babana ya kwana bai ci abinci ba. Na zo na durƙusa ina neman gafarar abin da ban yi ba, duk don ina zaton tsohuwa ce mai ciwon rashi take roƙo. Ashe kai ne."

"Ina son ki, wallahi ina son ki. Ba ki san abin da nake ji ba. Ni na faɗe shi, da bakina, da ƙarfi, a ƙofar gidan da ubana ke kwance. Duk sanda na buɗe baki zan kira ki sai in ga idanunsa. Na yi addu'a, na je wajen liman, ya ce ajali ne, na san ajali ne. Amma abin ya ƙi fita."

Yana kuka sosai, kamar ƙaramin yaro. Zuciyarta ta karye, saura kaɗan ta ce ya bar shi, ta yarda. Ta share fuskarta da gefen mayafi.

"Naka sunan ma na riƙe maka shi lokacin da kowa ya saki," ta ce. "Ban ƙi ba, zan canja. Gobe ma in ka so sai mu je ofishin. Abu ɗaya nake roƙo. Nan ba cikin gidanku ba ne, titi ne, Ma ba ta ji. Ka kira ni sau ɗaya. Ko a hankali ne. In ji cewa ni kake so ka aura, ba wata da za ka ƙirƙira don ka manta da ni ba."

Ya buɗe baki. Leɓɓansa suka yi rawa. Ta ga harshensa ya taɓa haƙoransa, ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ta jira. Motar kifi ta wuce, wata mata mai tallan kwakwa ta wuce tana kallonsu.

"Ki ba ni lokaci," ya ce.

Sila ta gyaɗa kai. Ta tare motar haya ta shiga, yana bubbuga gilashi yana cewa ke, ke, ki saurare ni, har direban ya ja.

*

Kwana biyu ba ta fita aiki ba. Wayarta ta yi ta ƙara har ta kashe ta ta jefa cikin akwati. A rana ta uku ta fito baranda, idanunta a kumbure, ta ce, "Gwaggo, ki gaya wa Hajiya Rokiah su zo."

Gwaggo Esah ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Baba Darus ya dubi 'yarsa ya daɗe.

"Kina son sa?"

"Yana kirana ba ya jin tsoro, Baba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Shi ne abin da nake da shi."

Ya so ya ce ta dakata, Gwaggo ta riga ta ɗauki waya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zo, motoci biyu, da farantan kayan zaƙi da ganyen goro na al'adar baiko an naɗe da kyau. Aka shimfiɗa tabarmi a falo. An ɗauko Kaka Nim daga Pendang, ta zauna a lungu da farar rigarta. Da Sila ta zo gaishe ta, sai ta riƙe hannunta ta ce a kunnenta, "Ba wannan na ce ki yi ba."

"Na sani, Kaka."

Maza suka yi maganarsu, aka yi raha, aka tsayar da watan biki. Hazwan bai shigo ba, kamar yadda aka saba, yana waje cikin mota. Aka shafa fatiha. Sannan aka fito da Sila cikin doguwar riga ruwan hoda, ta zauna gaban Hajiya Rokiah, mace mai jiki da awarwaron zinare har gwiwar hannu.

Hajiya ta kamo hannunta ta zura mata zobe. Ya ɗan matse, ta tura shi da ƙarfi har ya wuce gaɓa. Mata suka yi ta sa albarka. Sila ta sunkuya ta sumbaci hannun matar, ba ta jin komai a ranta, kamar wata ake yi wa.

"Masha Allah, 'yata ta yi kyau," in ji Hajiya, tana shafa kumatunta. Ta juya wajen Gwaggo tana murmushi, da muryar da kowa zai ji. "Esah, dama akwai ɗan abin da nake son in faɗa tun yanzu, kada ya zo daga baya. Sunan nan nata. Na ji an ce da masu bautar gumaka aka yi tarayya wajen sa shi, wai wata kalma ce ta ɗakin ibadarsu. Ga kuma abin da ya faru a gidan mai ƙanƙara, gari duk ya ɗauka. Mu gidanmu gidan malamai ne. Na yi magana da Hazwan, ya ce duk abin da na gani. Wasila za mu riƙa kiranta, ya fi cika, ya fi kama da na Musulmi. Kafin ɗaurin aure sai a gyara a takarda, ba wani abu ne mai wuya ba."

"Ai duk ɗaya ne, Hajiya," in ji Gwaggo da sauri. "Wasila ma ya fi daɗi a baki."

Baba Darus ya buɗe baki, sai ya dubi dattawan da suka gama shafa fatiha da shi yanzun nan, ya dubi zoben, ya mayar da kansa ƙasa.

A lungu, Kaka Nim ta dafa bango ta miƙe a hankali. Ta ɗauki jakarta, ta ratsa tsakiyar baƙin ba ta dubi kowa ba, ta sauka matakala ɗaya bayan ɗaya tana neman takalmanta.

Sila ta yunƙura za ta bi ta, Hajiya ta riƙe mata hannu gam, tana dariya.

"Ina kuma za ki? Zauna a yi mana hoto. Wasila, ɗago kanki mana."

Sila ta kama zoben da ɗaya hannun tana murzawa a ɓoye cikin mayafi. Yatsan ya riga ya kumbura, ya ƙi fita. Mai hoto ya ce a yi murmushi, ta ɗago kai.